Ƙunshin da Ya Raba Ni da Sunana

Ranar Litinin ce, biyu ga watan Zulhajji, a shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare. Bayan sallar la'asar muna kan rufin gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, iskar teku tana kaɗawa da ɗumi da ƙarnin gishiri, tattabarun maƙwabta suna ta kewaya sama. Kaka ta shimfiɗa tabarma a inuwar tankin ruwa, ta jawo kwanon lallen da ta kwaɓa tun hantsi da lemon tsami, ta kama hannuna na dama ta ɗora bisa gwiwarta. Bikin 'yar maƙwabtanmu za a yi ranar Alhamis. Kaka ba ta san zanen fure irin na 'yan zamani ba, kuma ba ta son ta sani. Nata ƙunshin irin na da ne: ta dumbuza wa kowane yatsa lalle har ya rufe ruf, ta naɗe da tsumma, ta zura hannu ɗaya cikin zungurun da wata alhajiya ta kawo mata tsaraba daga Kano, ɗayan kuma a ɗaure shi a leda. Tana gama hannuna na hagu, lalle ya ƙare. Khadija, da ke zaune tun ɗazu tana miƙa tsumma tana jiran layi ya zo kanta, ta leƙa kwanon ta ga wayam. Kaka ta ce, "Ke sai gobe, Khaduj." Khadija ta turo baki ta ce, "Ni kullum ni ce gobe." Muka yi dariya, har da ita. Da na san abin da lallen nan zai ci mini, wallahi da na tsame hannuna na ce a fara da ita.

Sunana Maimuna, ko in ce sunan da aka raɗa mini ke nan. A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi Abbana. Kaka ce kaɗai a gidanmu ta taɓa ganin ƙasar Hausa da idonta, ita ma tana ƙarama iyayenta suka taso da ita aikin hajji ta hanyar Sudan, suka daɗe a hanya, da suka iso suka zauna. Khadija 'yar ƙanwar Ummina ce, wata huɗu na ba ta. Uwarta ta rasu tun ba a yaye ta ba, ubanta kuma takardunsa suka mutu, aka kama shi aka mayar, daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. A zanen goyo aka kawo ta gidanmu, ba takardar haihuwa, ba ta cikin iƙamar kowa. Ni kuwa ina cikin ta Abba, wato takardar izinin zama da duk baƙo ke rayuwa a ƙarƙashinta, ko da a nan aka binne cibiyarsa. Muka tashi tamkar tagwaye, hanci ɗaya, wushirya ɗaya, tafiya ɗaya. Mutanen lungu ba sa wahalar da kansu wajen bambance mu, sai su ƙwala kira "Maimuna-Khadija" a haɗe, duk wadda ta waiwayo ita za a aika.

A lokacin, rashin takarda ba abin ɗaga hankali ba ne a lungunmu. Takarda ɗaya kan lulluɓe yara uku kamar mayafin sanyi. In Khadija ta tashi da zazzaɓi, Ummi za ta ɗauki katin asibitina ta ja ta, a hanya tana bita da ita: "In an ce miki ish ismik, wato yaya sunanki, me za ki ce?" Ita kuma ta ce, "Maimuna." A yi mata allura da sunana, ta dawo tana ɗingishi tana cewa ai ni ya kamata in ji zafin, tunda ni aka kira. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙarya, zumunci ake ce masa. Hajiya Sauda ta hawan ƙasa haka ta rene jikokinta biyar da kati biyu. Makaranta ce kawai ba ta rabuwa, don malamai suna ganin fuska kullum. Sai ni in tafi da safe cikin doguwar rigar makaranta, Khadija ta tsaya taya Ummi dakan yajin da masu gasa tsire na bakin titi ke ɗauka a wurinta. In na dawo mu haye rufi, in mai da jikin tankin ruwa allo, gawayi ya zama alli, in zama abla, wato malama, in maimaita mata duk abin da aka koya mana har da tsawar. Ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Ranar da motar ruwa ta shigo unguwa mu ne riƙon tiyo da jan jarkoki a matakala hawa uku, mu ne tsince gyaɗar da Kaka ke soyawa da yashi, mu ne korar kuliyoyi daga shanyar barkono. In aiki ya ƙare mu zana gidajen barbar a daɓen rufi mu yi ta tsalle da ƙafa ɗaya, ko mu yi 'yar carafke da ƙwallon dabino, har Ummi ta ƙwalo mana kira daga ƙasa cewa za mu rufto mata da gida.

Shagon Abba yana bakin lungu, ɗan ɗaki da bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, cike da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da fanka da rediyo da rikoda, duk an farke musu ciki. Gyara yake yi. Ranar da babu makaranta mu ke kai masa abinci, ya zaunar da mu ware kusoshi cikin gwangwanayen madara. A ƙarƙashin teburinsa akwai kwalin tsofaffin mujallun Larabci da wani injiniya da ya yi wa aiki yana saurayi ya bar masa, kusan duka labarin ƙere-ƙeren Amurka ne. Abba bai wuce firamare ba, amma ya karanta su har sun yi laushi kamar tsumma. Amurka a bakinsa ba ta 'yan fim ba ce. Ƙasa ce mai faɗin gaske da mutanenta suka gaji da nisa, suka duƙufa ƙera abin da zai gajarta shi. Ya nuna mana hoton mahaya dawakai masu gudu da wasiƙa cikin daji, ya buɗe shafi na gaba, ga turakun wayar tangaraho a jere har ƙarshen gani, ya ce da wayar ta isa sai dawakan suka koma cin ciyawa. Ya nuna mana masu saran ƙanƙara a tafki lokacin hunturu, su ɗora a keken doki su bi gida-gida, har firji ya zo ya sallame su. Ya nuna mana ma'aikata a jere, mota tana wucewa a gabansu, kowa ya ɗaura kusa ɗaya tak, gobe ma ita, har ya yi furfura. Ya nuna mana kwamfutar farko da ta cika ɗaki guda, ya zaro wayarsa daga aljihu ya ce wannan 'yar ta fi ta kai. Ni hotunan kawai nake kallo. Khadija ce mai tambaya. Ta ce, "Abba, masu ƙanƙarar ina suka tafi?" Ya juya shafin gaba da baya, ya ce, "Mujalla ba ta faɗa ba."

Wani lokaci in ya je Balad, tsohon garin Jidda, sayen kayan gyara yakan tafi da mu, ya tsaya gaban tsofaffin gidajen nan na dutsen teku masu tagogin katako da aka sassaƙa musu ƙananan huji, ya ce da can gidajen Jidda numfashi suke yi. Mace tana zaune a ɗakinta iska na shiga, tana ganin titi, titi ba ya ganinta, ta san wanda ya wuce da wanda ya dawo. Da mukayyif ya iso daga Amurka, inda ya sa aka gina manyan birane a wuraren da zafi ya hana zama a da, sai kowa ya toshe tagarsa da bulo ya bar rami ɗaya na injin. Ya ce, "Na'urar da nake ci da ita ce, ba zan zage ta ba. Amma duk abin da ta ba ka, duba da kyau, akwai abin da ta rufe."

Hoton da ya fi so shi ne na wasu mata a jere gaban bango mai ramuka, kowace da abin saurare a kunne, suna zura igiyoyi. Ya ce a farkon zuwan tarho ƙananan garuruwan Amurka, in ka ɗaga waya mace ce za ta amsa, ta gane ka da murya, ta san uwarka. In ka ce a haɗa ka da likita ta ce ai likita ba ya gida, yana gidan wane ana haihuwa, ta haɗa ka can. Daga baya aka ƙera injin da ke haɗawa da kansa. Ya fi sauri, ba ya gajiya, ba ya gulma, sai dai lamba kawai ya sani. A nan Abba kan rufe mujallar ya ce, "Ku riƙe wannan: na'ura ba ta da dangi." Mu dai dariya maganar ke ba mu. Kaka ma ba ta yarda ba, don ita rikoda ce shaidarta. Duk shekara takan zauna gabanta da mayafi kamar mai baƙo, ta cika kaset da gaisuwa da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, a ba alhazai su kai wa 'yar uwarta a ƙauye. Ta ce, "In ba ta da dangi, wa ya kai wa Yaya Ladi muryata?" Abba ya ce, "Alhaji Sani ne ya kai, Inna, a aljihunsa."

A shekarar ce zancen basma ya shigo unguwa, wato ɗaukar zanen yatsa da na'ura. An fara da maza, sannan aka ce mata ma, duk wadda ke cikin iƙama, in ba haka ba babu sabuntawa. Abba ya taɓa cewa a Amurka ma da fursunoni aka fara wannan abu kafin ya bazu, amma ba wanda ya saurara. Da lokacin hajji ya gabato ya tafi Makka kamar kowace shekara, gyaran mukayyif a masaukan alhazai. To a ranar Litinin ɗin nan, ina zaune hannuwa a ƙunshe, Khadija tana ba ni ruwa a baki tana janye kofin don tsokana, sai ga Ummi ta hawo da waya a hannu, ana gab da magariba. Abba ne ya kira a gurguje daga kan tsani. Kafilinsa, wato Balaraben da takardunmu ke ƙarƙashin sunansa, ya aiko cewa gobe da safe ce ranar basmar Maimuna, kuma kada a kuskura a fasa, don ana gab da rufe ofisoshi sai bayan Sallah, iƙamarmu kuwa saura ƙiris ta mutu. Ummi ta ce to. Ba ta ambaci lalle ba. Me ya haɗa namiji a kan tsani da zancen lalle?

Nan take aka kwance mini hannu, amma ƙunshin Kaka ba ya wasa, yatsuna sun riga sun yi jawur suna neman komawa baƙi. Hajiya Sauda ta hawo tana haki, ta kalla ta tafa hannu, ta ce 'yar ƙanwarta haka na'urar ta ƙi ta saboda lalle, aka ce ta dawo sai ya goge. Ko gaskiya ne ko ji-ta-ji-ta, har yau ban sani ba. Aka sa lemon tsami da gishiri, aka sa toka, aka sa dutsen goge kaushi, aka jiƙa mini yatsu a ruwan bilic har fata ta fara saɓulewa ina kuka. Lalle ya ce bai san zance ba. Kaka, duk da halin da ake ciki, sai da ta ɗaga hannuna ta duba ta ce, "Ya dai kama." Sai idon Ummi ya sauka kan hannuwan Khadija, tas da su, ko ɗigo babu. Ba wanda ya daɗe yana tunani. Abin da aka saba yi ne a asibiti, gobe ma a yi. Hajiya Sauda ta ce, "Yatsa ai yatsa ne. Su dai so suke a dangwala." Dukkanmu haka muka ɗauka, cewa dangwale ne kamar na amsa suna a aji, a ga an zo, a wuce wurin.

Da safe aka sa wa Khadija abayata da takalmina na Sallah, aka yi mata bitar ranar haihuwata da sunan kakan Abba har ta haddace. Hoton da ke cikin takardunmu na tun ina 'yar shekara shida ne, ko Ummi sai ta ƙura ido kafin ta ce wace ce a cikinmu. Abin kunya ne, amma zan faɗa: kukan da na yi a safiyar nan na kishi ne, don za ta shiga tasi ta ga gari ni an bar ni da yatsu a naɗe da man kaɗanya. Kafin azahar suka dawo, Khadija tana lasar askirim, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ce wurin sanyi kamar cikin firji, wata mata mai safar hannu ta kama yatsunta ɗaya bayan ɗaya ta danna a kan ɗan gilashi, koren haske ya kama, aka ɗauke ta hoto, da aka gama aka ce "Halas, ya Maimuna." Ta ce tunda take ba a taɓa rubuta wani abu nata a ko'ina ba sai yau. Ummi ta yi hamdala, aka koma shirin biki. Ranar Alhamis muka yi rawa har ƙafafunmu suka yi ciwo, kowa na yaba ƙunshina.

Abba ya dawo bayan Sallah da kwana huɗu, ya rame ya yi duhu. Muna cin abincin rana Ummi ta ba shi labarin tana dariya, wai ya ga dabarar mata. Ya mayar da lomar da ya ɗauka cikin kwano. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita, wannan karon ba dariya. Ya wanke hannu, ya ɗauko gilashin da yake duba ƙananan wayoyi da shi, ya kira mu bakin ƙofa inda haske yake, ya kara yatsana da na Khadija, ya ce Ummi ta leƙa. Ya ce, "Kin ga na wannan kewaye yake, na wannan kamar ƙugiya? Ba dangwale suka karɓa ba. Suna suka ɗaure a jikin yatsa, kuma ba ya kwantuwa." Ummi ta ce to sai a koma a gyara. Ya ce a ce musu me? In aka faɗi gaskiya, Khadija ta fito fili ba ta da takarda, a kwashe ta zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba, Ummi da ta kai ta ta shiga hannu, iƙamarsa ta tafi, gidan gaba ɗaya ya bi ta. Daga ƙarshe aka ce a bari tukuna. Tukunar nan ita ce har yau. Kaka ta rataye zungurunta a ƙusa, ba ta ƙara yi wa kowa ƙunshi ba har ta koma ga Allah. Abba kuma ban sake ganin ya jawo kwalin mujallun nan ba.

Da farko ban ji komai ba. Lalle ya goge, fata ta warke, na koma makaranta, malamai suka ci gaba da kiran Maimuna ina amsawa, har na gama sakandare da sakamako mai kyau. Sannan ƙofofi suka fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara, kamar tagogin Balad. Layin waya sai da yatsa. Neman aiki sai da yatsa. Wuraren da a da ake miƙa kati a kalli fuska, yanzu ɗan gilashi ne a kan tebur. Duk inda na nufa na'ura ta ce a kawo mata Maimuna, Maimunar da ta sani kuwa Khadija ce. Aka wayi gari mutum ɗaya ya rabu biyu: ita da yatsa ba takardar makaranta, ni da takardar makaranta ba yatsa. Abba da kansa ya ɗauko takardar gama karatuna ya miƙa mata. Ta ƙi karɓa, kwana uku tana kuka, sai ni na sa mata a jaka. Ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, duk abin da ke cikin takardar ta karance shi a jikin tankin ruwa. Ta sami aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti a Sharafiyya. Sai ita ta fita da safe, ni in tsaya taya Ummi daka, in ta dawo mu haye rufi ta ba ni labarin duniya. A cikin gida ko sau ɗaya ba ta taɓa amsa Maimuna ba. In zan je kasuwa kuwa katin nake ɗauka, tunda fuskarmu ɗaya, in yi ta addu'a kada a wuce kallon fuska.

Bara wani ɗan Kaduna mai suna Nura, mai gwajin jini a asibitinsu, ya zo neman aurenta. Mutumin kirki ne. Ta zaunar da shi ta faɗa masa komai, ya ce shi Khadija zai kira ta a gidansa. Aikinsa ya kusa ƙarewa, zai koma gida da ita, fita ba dawowa. Kowa a gidanmu ya san abin da hakan ke nufi, ba wanda ya iya furtawa. Ranar da ta danna yatsa a filin jirgi, za a rubuta Maimuna ta bar ƙasa, katin da nake fakewa da shi ya mutu, in koma abin da ita take a da: 'yar da ba a rubuta ba.

Ana cikin wannan, mako bakwai da suka wuce, muna dawowa daga Balad ni da Ummi da rana tsaka aka tare tasinmu a shingen bincike. Aka ce mata su sauko. Wata ma'aikaciya ta karɓi katina, ta ce in ɗaga niƙabi, ta kalle ni ta kalli hoton, har na fara sauke numfashi. Sai ta zaro wata 'yar na'ura da ba ta fi waya ba ta ce, "Basma." Ta Ummi ta yi kore. Na miƙa yatsana. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a allon. Ta goge gilashin da gefen mayafinta ta sake dannawa, ya ci gaba da juyawa. Ta ɗaga na'urar sama, ta yi tsaki, ta ce wa abokiyar aikinta sadarwa ta ɗauke. Motoci sun taru a baya ana ta hon. Ta miƙo mini katin ta sallame ni da cewa, "Yalla, ruhi." Ban tsira don wani ya san ni ba, ban tsira don ina da gaskiya ba. Waya ce kawai ta katse a wani wuri. Tun ranar ban taka bakin lungu ba. Ko yanzu in an ƙwanƙwasa ƙofa sai biro ya faɗi daga hannuna, kuma nakan tsinci kaina na dunƙule yatsu na ɓoye a hammata ba tare da na sani ba.

Washegari Khadija ta same ni a rufi ina zaune a inuwar tanki. Ta ce ta yanke shawara, za ta ce wa Nura ya haƙura, ba za ta tafi mini da suna ba. Ta ce, "Aro aka ba ni, Maimuna. Ba a tafiya da kayan aro." Na daɗe ina kallon tankin, har yanzu akwai baƙin gawayi a jikinsa. Tsoro ya ce mini in yi shiru, shirun kawai ya isa ta zauna. Amma na ga abin da jiya ta nuna mini: sunan nan ko ta zauna ba zai ƙara rufe ni ba, iyakacinsa ya ɗaure mu mu biyu a rufi ɗaya har mu tsufa. Na ce, "Tun muna yara ke ce gobe, Khaduj. Yau ke ce yau." Ta faɗa jikina, muka yi kukan da Ummi ta ji daga ƙasa amma ba ta hawo ba.

Ni na yi mata ƙunshin aure. Na sauko da zungurun Kaka na karkaɗe shi, na kwaɓa lalle da lemon tsami tun hantsi, na ɗora hannunta bisa gwiwata bayan la'asar. Na cika mata tafin hannu, na bi bayan yatsu, na rufe farce. Da na zo cikin kan yatsun, wurin zanen, sai na tsaya. Na naɗe kowanne da ɗan tsumma mai tsabta don kada ko ɗigo ya taɓa, duka goman. Hajiya Sauda, da ta tsufa har sai an riƙo ta a matakala, ta ce wane irin ƙunshin amarya ne wannan da aka bar shi da gibi? An ɗaura aure da sunanta na gaskiya a gaban Allah da shaidu, a takarda kuwa Maimuna aka rubuta. Kwana tara ke nan da saƙo ya shigo wayar Abba cewa Maimuna ta fita. Ya karanta, ya kife wayar, ya ɗago ya ce mini, "Maimuna, kawo mini ruwa," da ƙarfi, kamar yana so bango ma ya ji.

Da can a lungunmu ba a tambayar mutum shaida. An san ka da tafiyarka, da muryar uwarka, da gidan da hayaƙin girkinku ke fita, kuma in ba ka da mayafi na ɗan uwanka ya ishe ku. Yanzu waya a hannun kowa, Khadija takan kira ni in gan ta ƙuru-ƙuru tana nuna mini ruwan saman Kaduna, abin da Kaka ta mutu ba ta samu ba da duk kaset ɗinta. Ba na zagin na'ura, ita ta kawo mini fuskar 'yar uwata. Sai dai nakan tuna masu ƙanƙarar nan da mujalla ba ta faɗi inda suka tafi ba, in ce ƙila su ma wani rufi suka hau suka zauna. Jiya da sauran lallen biki na yi wa kaina ƙunshi irin na Kaka, na rufe yatsun nan goma ruf, tunda babu mai tambayarsu. Ya dai kama, sai dai babu mai miƙo mini tsumma.